Lemon da Ba Shi da Tabo

A gidan Mai Lemo ba a cin lemo mai kyau. Wannan ba gori ba ne, doka ce, ita kuma ta kafa ta tun ranar da ta fara kasa kaya a teburinta na bakin kasuwa, shekara talatin da ɗaya ke nan. Mai kyau na masu saye ne. Abin da ke zuwa gida shi ne ayabar da ta fara baƙi, da kankanar da ta tsage wajen sauke kaya, da lemon da gefensa ya yi laushi. Sai ta zauna da 'yar wuƙarta ta yanke inda ya lalace, ta miƙa wa mijinta sauran. Shi kuwa Tela, da yake mutum ne mai barkwanci, yakan karɓa da hannu biyu ya ce, "Ranki ya daɗe, yau kuma wane majinyaci aka sallamo mana?" Takan ce ya ci ko ya ajiye mata abinta. Bai taɓa ajiyewa ba.

Shagonsa yana ƙasan bene, ɗakunansu biyu suna sama, matakala goma sha huɗu ce tsakani. Kekensa na ɗinki na ƙafa ne, tsoho, baƙi, ya ƙi sauya shi da na lantarki don a cewarsa na lantarki ba ya jin magana. Duk yamma idan Mai Lemo ta dawo daga kasuwa, tun daga kwanar layi take jiyo ƙarar keken nan, ta san mutumin yana nan lafiya.

Ranar da zuciyarsa ta buga, yana tsakiyar ɗinke ƙafar wando ne. Maƙwabcinsa mai gyaran takalmi ya ji keke ya tsaya a inda bai kamata ya tsaya ba, ya leƙa, ya tarar da shi ya kifa goshi a kan yadi, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Kwana tara ya yi a asibiti. Aka zura masa wata 'yar raga ta ƙarfe a jijiyar zuciyar da ta toshe. Ranar sallama likitar, wata doguwar mace mai gilashi da ba ta ɓata magana, ta ce kitse ne ya taru a jijiyoyinsa shekara da shekaru. Ta rubuta masa magunguna, ciki har da wata ƙwaya ta rage kitsen jini da zai riƙa sha duk yamma. Ta kuma ba su takardar abinci. Auta, ƙaramar 'yarsu da ke koyarwa a makarantar firamare, ita ta karanta wa uwar a bakin ƙofar asibiti: ban da gishiri mai yawa, ban da soye-soye, ban da nama mai kitse, a yawaita ganye da 'ya'yan itace.

Likita ba ta ce Mai Lemo ce ta toshe wa mijinta jijiya ba, amma abin da Mai Lemo ta ji ke nan. Wa yake soya masa ƙwai har mai ya kwanta a faranti? Wa yake tsame masa tsoka mai kitse daga tukunya kafin yara su gani? Duk da hannunta ta yi, kuma da so ta yi. Tana tsaye a bakin ƙofar nan ta yi wa kanta alkawari cewa in dai mutuwa za ta ɗauki mutumin nan, to ba ta hanyar abin da ya fito daga hannunta ba.

Ta ɗaura ɗamara kuwa. Gishiri ya koma saman kabad inda sai an taka kujera. Kaskon suya ta bai wa maƙwabciya. Kifi sai dafaffe, kaza sai an saɓule mata fata, shinkafa fara fat da ganye a kai. Tela yakan ɗanɗana ya ce, "Ranki ya daɗe, abincin nan an yi masa wanka ne?" Sai ya yi loma biyar ya ture kwano a hankali don kada ta gani. Tana gani. Macen da ta yi shekara talatin ana suɗe mata kwano, yanzu ita ce take kwashe rabin abinci kullum, kuma abin yana ci mata rai fiye da yadda za ta iya faɗa wa kowa. Ba ta da abu ɗaya da za ta ajiye a gabansa ta tsaya tana kallonsa da alfahari.

Magungunan kuwa shi yake zuwa karɓa da kansa duk wata. Da safe ake bayarwa, ita kuma safiya ce kasuwarta, wanda ya bar tebur da safe ya bar cinikin yini.

Wata Asabar, wata mata da ke zuwa a mota, mai takalmin motsa jiki, ta tambaye ta ko tana da garehul. Mai Lemo ta san shi, wani ƙaton lemo ne mai ɗaci, ya kai biyun na kullum, cikinsa jaja-jaja. Ba ta sarinsa don ba ya tafiya, sai masu otal ke ɗauka.

"Me kike yi da wannan abu mai ɗaci, 'yar nan?"

"Mama, ai narkar da kitse yake yi," in ji matar. "Kofi ɗaya da safe. Dube ni, da na fi haka sau biyu."

Mai Lemo ta dube ta daga sama har ƙasa. Kalmar kitse kaɗai ta shiga kunnenta ta zauna.

Washegari tun kafin rana ta fito tana wurin masu sari. Ta sa aka kwance mata buhu, ta durƙusa tana zaɓe yadda ba ta taɓa zaɓar wa mai saye ba. Ta auna nauyin kowanne a tafin hannu, don mai nauyi shi ne mai ruwa. Ta shafa ɓawon ta ji ko siriri ne, ta shinshina gindin, ta juya shi a haske. Mai sarin har ya ce, "Yau wane babban mutum ne ya yi oda?" Ta ce masa ya kula da sikelinsa.

Da yamma ta ajiye guda biyu a gaban Tela. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya sake juyawa, ya kai shi kusa da ido kamar mai neman kafar allura.

"Ina ciwon nasa?"

"Ba shi da ciwo."

"Ko ɗan tabo?"

"Malam, na ce ba shi da komai. Naka ne, don kai na zaɓo."

Barkwancin ya tsaya masa a wuya. Ya riƙe lemon da hannu biyu. Da safe ta raba su, ta matse da hannu har tsintsiyar hannunta ta yi tsami, ta tace 'ya'yan, ta cika masa babban kofin gilashi. Ya daɗe yana kallon kofin. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya ɗaga ido ya ga fuskarta, sai ya kafa kai ya shanye. Ya yamutsa fuska har idonsa ya kawo ruwa.

"Wannan ai hukunci ne."

"Ɗacin ne maganin," in ji ta, tana dariya. Rabonta da dariya tun ranar da aka kwashe shi daga kan keke.

Haka aka yi wata uku, guda biyu kowace safiya. Ta shiga kasuwa tana ba da labari, har masu teburin kusa suka fara ce mata babbar likita. Ya rame, ta ce kitse ne yake tafiya. Ta samu abin da ta rasa: ta tsaya a kansa, ya sha, ta karɓi kofi babu ko ɗigo.

A wata na huɗu ƙarar keken ta sauya. Ita ta fara lura, daga kwanar layi. Da, idan ya ɗora ƙafa sai ya kai ƙarshen ɗinki a numfashi ɗaya. Yanzu sai ya yi kaɗan ya tsaya, ya yi kaɗan ya tsaya. Ta shiga shagon ta same shi yana matsa cinyoyinsa da hannu biyu.

"Tsufa ne," ya ce. "Ni da keken mun yi shawara mu tsufa tare."

Bayan mako guda ya fara hutawa a matakala ta bakwai. Bayan wani makon kuma, ɗaga hannu ya ɗauko yadi daga kanta ya zama aiki. Wani mai kaya ya zo sau uku bai samu rigarsa ba, ya kwashe yadinsa ya tafi yana faɗa. Mai Lemo ta zauna ta yi lissafi irin nata, lissafin da kowa zai ce yana da kai: kitsen da ya toshe zuciya ne ya narke yake gangarawa ƙafafu, kuma abin da ya narkar da shi a sama shi zai narkar da shi a ƙasa. Sai ta ƙara. Biyu da safe, biyu da yamma, da na yamman kuma yake haɗiye ƙwayarsa ta kitse. Ranar Lahadi har jug take cikawa ta ajiye masa a shago.

Sau ɗaya ya gwada. Ta miƙa masa kofin yamma, ya riƙe bai sha ba.

"Ranki ya daɗe, abin nan ko za a ɗan rage shi? Ko a huta kwana biyu?"

Nan take kanta ya ɗau zafi. Tun asuba take tsaye, hannunta duk ya tsattsage da ruwan lemo, ga tsoron da take kwana da shi take tashi da shi.

"Ka gaji da rayuwar ne? Faɗa mini in sani. Ni nake durƙuso a kasuwa ina zaɓa, ni nake matsewa, kai haɗiyewa kawai ta gagare ka? In so kake ka koma kan gadon can da igiyoyi a ƙirji, sai ka faɗa, in daina wahalar da kaina."

"Allah ya huci zuciyarki," ya ce. Ya shanye.

Wata safiyar Talata ya kasa tashi daga bakin gado. Ya dafa katifa ya yunƙura sau uku, ƙafafun suka ƙi. Ta kawo masa bokiti don ba zai kai banɗaki ba. Da ta zo ɗauka ta ga fitsarin da ke ciki. Ɗan kaɗan ne, kuma launinsa na baƙin shayi.

"Tun yaushe?"

Ya kawar da kai. "Kwana uku."

Mai gyaran takalmi da wani direban tasi ne suka sauko da shi a kan kujera. A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗaura ruwa, aka shige da shi ciki. Bayan azahar likitar nan mai gilashi ta kira Mai Lemo da Auta wani ƙaramin ofis mai tebur ɗaya da fanka mai ƙara. Ta ce tsokar jikinsa ce take narkewa, ɓurɓushinta ya bi jini ya toshe ƙoda. Tana so ta san dalili.

"Ya faɗi ne? Ya yi wani aiki mai nauyi?"

"A'a, likita."

"Yana shan wani magani ban da namu? Na gargajiya, na ƙarin kuzari, ko na wani da ya ba shi?"

"Ko ɗaya. Ni nake tsaye a kansa."

"Ƙwayar yamma, ɗaya yake sha ko biyu?"

"Ɗaya tak."

"To me yake ci?"

A nan Mai Lemo ta gyara zama, don an zo inda take da bakin magana. Ta lissafa dafaffen kifi, da ganye, da shinkafa ba gishiri. Ta ce tun da aka sallame shi ko ɗigon mai bai shiga bakinsa ba. Sannan ta kawo babban abin, ta ce garehul huɗu kullum, sababbi, da hannunta take matsewa.

Biron likitar ya tsaya. Ta cire gilashi ta ajiye a kan takarda.

"Huɗu. Tun yaushe, Mama?"

"Biyu tun wata huɗu. Da ƙafafun suka fara ciwo na mayar huɗu." Muryarta ta fara raguwa. "Ai takardarku ce ta ce a yawaita 'ya'yan itace."

"Haka ta ce." Da gani likitar tana neman hanyar da za ta bi da maganar, ba ta kuma samu mai laushi ba. "Mama, idan kika sari buhun kaya, kin san ba duka ne zai kai tebur ba, ko? Kin riga kin sa wannan a ranki tun wajen saye. To haka ƙwayar nan take. A cikin hanji da hanta akwai wani sinadari da jiki yake yi, mu muna ce masa enzayim. Aikinsa ya farfasa magani. Mafi yawan ƙwayar shi yake cinyewa tun kafin ta kai jini, ɗan abin da ya tsira shi ne yake aiki. Da sanin haka aka auna ta. Garehul kuwa kashe wannan sinadarin yake yi, kofi ɗaya ya isa ya kwantar da shi yini guda ko fiye. Idan babu shi, ƙwayar gaba ɗaya take shiga jini. Sai ya zama mutum ya haɗiyi ɗaya, jikinsa ya karɓi kamar guda da yawa, kullum, wata da watanni. Idan maganin ya yi yawa haka, tsoka yake ci."

"Amma lemo ne," in ji Mai Lemo. "Lemo ne kawai."

"Ga wanda ba ya shan irin wannan ƙwayar, lemo ne mai kyau. Da na kullum kika ba shi, da babu abin da zai faru."

Da na kullum, wato irin mai laushin gefe da take kawowa gida shekara talatin. Mai Lemo ta dubi hannuwanta a kan cinya, ga tsagar da ruwan ɗacin ya yi mata a gefen yatsu. Ba ta yi kuka ba. Sai dai ta ji ta tsani hannuwan nan kamar ba nata ba.

Auta ce ta tashi da faɗa. "To su masu ba da maganin aikin me suke yi? Ba sai su faɗa ba? Wallahi sai na je na ji wanda ya ba Baba ƙwaya bai yi masa bayani ba."

Mako uku ana jiran ƙodar ta farfaɗo. Aka huda masa wuya aka sa bututu, ana haɗa shi da injin wankin jini kwana ɗaya bayan ɗaya. Mai Lemo ta rufe tebur da leda ta bar shi. Tana zaune a gefen gadonsa tun safe har a kori masu jinya, tana goge masa baki, tana juya shi, amma ta kasa haɗa ido da shi. Shi ma bai tambayi dalili ba. A ƙarshen mako na uku likitar ta ce ƙodar ba ta dawo ba, kuma ba ta sa ran za ta dawo. Wankin jini sau uku a mako, har iyakar rayuwa. Ta ƙara da cewa zuciyar da ta riga ta sha wuya ba ta son irin wannan aiki, sai an yi taka-tsantsan sosai.

Ranar ce Auta ta samu zuwa ɗakin magani. Ta tafi a fusace, ta dawo jiki ba ƙwari. Ta ja uwar zuwa baranda inda ake shanya tawul.

"Umma, na ga matar da ke ba da maganin."

"Ta ce me?"

"Ta gane Baba tun kafin in gama kwatance. Ta ce telan nan mai ban dariya. Ta ce tun ranar farko ta faɗa masa ban da garehul. Duk wanda ta ba ƙwayar nan sai ta faɗa masa. Wai har ya tambaye ta mene ne garehul, ya ce shi a gidansu ko lemo mai lafiya ba a gani balle na masu otal. Kuma kowane wata sai ta sake tambayarsa, ya ce mata yana kiyayewa."

Mai Lemo ta koma ɗakin, ta ja labulen da ke kewaye gadon, ta tsaya a kansa. Karon farko cikin mako uku ta dube shi ido cikin ido. Ya kumbura, fatarsa ta yi toka-toka, ga filasta a wuya.

"Malam, ka sani."

Bai yi musu ba. Ya lumshe ido ya buɗe.

"Na sani."

"Tun kofin farko?"

"Tun kofin farko."

"Ka karɓa ka sha. Ina tsaye ina dariya, ka sha."

"Na ɗauka irin maganarsu ce ta asibiti, komai sai sun ce kar a yi. Na ce kofi ɗaya me zai yi." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ki saurare ni. An hana ki soya mini, an hana ki sa gishiri, kullum ina ganin ki kina kwashe kwano kamar wadda aka yi wa rasuwa. Sai ga ki kin shigo da abu a hannu, fuskarki ta dawo. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa cin lemon da ba a yanke masa gefe ba a gidan nan. Kika ce don ni kika zaɓo. Da wane bakin zan ce miki shi ma an hana?"

"Da bakin da kake zuba surutu da shi yini guda!" Ta manta akwai mutane a bayan labule. "Da ƙafafunka suka mutu fa? Da ka ga fitsarinka ya zama haka?"

"Na gwada sau ɗaya."

Ta tuna, kuma tunawar ta soke ta, amma ba ta rage mata fushi ba, sai ma ta ƙara.

"Gwadawa ke nan? Ko za a ɗan rage? Ka ce mini likita ta hana, kalma uku, da ko sunansa ban sake kira ba. Ka bar ni ina durƙuso ina zaɓar maka mafi nauyi. Ka bar ni ina yawo a kasuwa ina cika baki. Don kada raina ya ɓaci na yini ɗaya, ka sa na kashe ka da hannuna, ka bar ni da shi har in mutu. Wannan kake kira tausayi?"

"Ki yafe mini."

"Ban yafe ba," in ji ta. "Yau dai ban yafe ba." Sai a lokacin kukan ya zo. Ta zauna a kujerar roba ta kifa kai a kan ƙarfen gado, ya ɗora mata hannu a ka, ba ta ture ba. Tana son mutumin nan, tana kuma jin haushinsa kamar ta shaƙe shi, duka biyun a lokaci ɗaya, babu wanda ya bar wa ɗaya wuri.

Ranar sallama aka ba su sabuwar takarda. Wannan karon Mai Lemo ta ce ba a bakin ƙofa za a karanta ba. Ta tsayar da ma'aikaciyar jinya, ta sa Auta ta karanta layi-layi a gabanta, tana tambayar dalilin kowanne. Ban da ayaba. Ban da lemo kowane iri. Ban da kankana, ban da mangwaro, don akwai wani gishiri a cikinsu da ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi, idan ya taru a jini zuciya tsayawa take yi. Kusan duk abin da ke kan teburinta an hana shi. Sannan ruwa: rabin lita a yini, har da na shayi, har da na haɗiyar magani. Abin da ya wuce haka ba shi da hanyar fita, a huhu zai taru, zuciya ta yi ta ja har ta gaji.

"Zai roƙe ki," in ji ma'aikaciyar. "Duka suna roƙo. Ƙishirwar ba ƙarama ba ce."

Aka sauko da gadonsu shago, don matakala ta fi ƙarfinsa. Aka tura keken jikin bango aka rufe da zane. Auta ta samo gora ta ja mata layi da jan biro. Kowace safiya Mai Lemo takan cika ta zuwa layin, kuma idan ta ƙare ta ƙare ke nan sai gobe.

Wata Alhamis aka yi zafi mai tsanani, gorar ta ƙare tun kafin la'asar. Yana kwance yana kallon silin, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Ta jiƙa tsumma ta goga masa, ya kama tsumman da haƙori yana tsotsa, ta zare.

"Uwar Auta," ya ce. Muryar ta dushe. "Kurɓi ɗaya."

"Ka sha na yau."

"Na sani. Kurɓi ɗaya kawai, in jiƙa maƙogwaro. Ba wanda zai sani."

Ga randar roba can a kusurwa, taku huɗu, da kofi a kan murfinta. Ta san kurɓi ɗaya ba zai kashe shi yau ba. Tunda aka kawo ta gidan nan bai taɓa neman abu a hannunta ta hana shi ba, duk jikinta kuma so yake ya tashi. Ta matse hannuwanta a tsakanin gwiwoyi.

"Don Allah," ya ce.

"A'a, Malam."

Ya dube ta ya daɗe, yana jira ko za ta sauko. Da ya ga babu, sai ya juya fuska bango a hankali. Ta zauna a bakin gadon tana jin yadda harshensa ke mannewa a dasashi duk lokacin da ya yi ƙoƙarin haɗiyar yawu. Saura awa goma sha huɗu a sake cika gorar. Ba ta tashi daga wurin ba, ba ta kuma ba shi ba.